Bayan hoton ƙanƙara: abin da yini guda a kan tsauni ke ci wa iyali

Duk shekara idan watan Fabrairu ya kama, hunturu ya fara sassautawa a nan Mirriya, sai hotuna su riƙa shigowa wayoyinmu ta WhatsApp. Ɗan'uwa ne da ke Liyon ko Grenoble, shi da maiɗakinsa da yara, an dunƙule cikin manyan riguna, ƙasa fari fat a bayansu, kowa riƙe da sanduna biyu. Wata gwaggona da na nuna wa irin wannan hoto ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce: "Kai ɗan nan, wannan kanwa ce ko gishiri? Kuma me suka je nema can da yara ƙanana?" Wani maƙwabci da ke wurin ya amsa mata kafin in buɗe baki: "Ai Hajiya, kuɗi ne suka yi musu yawa."

Na taɓa bin iyalin ƙanena da ke Liyon zuwa irin wannan wuri, yini guda cur. Abin da na gani ne ya sa nake ganin tambayar gwaggo da amsar maƙwabcin duka suna buƙatar bayani.

Farin abin nan dusar ƙanƙara ce. Ta bambanta da ƙanƙarar da kan faɗo mana da damina ta kashe kaji, ta kuma bambanta da dunƙulen da muke saye da azumi. Tururin ruwa ne ke daskarewa a cikin gajimare, ya sauko a hankali kamar audugar rimi, ya taru a ƙasa. Ana samunta da yawa a kan tsaunuka saboda duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da digiri 6 da ɗoriya. Wasan da ake yi a kanta, wanda Turawa ke kira ski, shi ne mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa ya zamo daga sama zuwa ƙasa. Wanda ya taɓa yaga wandonsa wajen zamiya a kan falalen duwatsun Damagaram yana yaro ya san daɗin abin, sai dai a nan a tsaye ake yi.

Wurin da muka je shi ne Val Thorens, a yankin Savoie da ke tsaunukan Alp na Faransa. Gari ne da aka gina takanas saboda wannan wasa a farkon shekarun 1970, a tudun mita 2,300. Ke nan titin da ake ajiye mota a garin ya fi ƙololuwar Idukal-n-Tages ta Bagzan tsawo, wadda ita ce mafi tudu a Nijar da mita 2,022. Damagaram kuwa ba ta kai mita 500 ba. An haɗe Val Thorens da Courchevel da Méribel da Les Menuires aka yi fili guda mai suna Les 3 Vallées, wato kwari uku, kuma idan aka jera hanyoyin zamiyarsa sun kai kilomita 600. Tafiyar Damagaram zuwa Diffa ba ta kai haka ba.

Yadda yinin ke tafiya

Da asuba muka bar Liyon, tafiyar wajen awa uku. Daga garin Moûtiers hanya ke fara hawa, kwana bisa kwana, kuma a yankunan tsauni doka ta tilasta tayoyin hunturu ko sarƙar taya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Da isa, sai layin shagon haya. A nan ake auna tsayin mutum da nauyinsa a ba shi alluna, da sanduna, da hular kwano, da wasu takalman roba masu tauri da ke riƙe idon sawu kamar mari. Tafiyar mita ɗari cikin takalman nan, ɗauke da allunanka da na yaro, ita ce wahalar farko da babu mai sa ta a hoto.

Ba a hawa tsaunin da ƙafa. Akwai kujeru da akwatuna rataye a igiyar ƙarfe da injin ke ja, su ke ɗaukar mutane zuwa sama daga wajen ƙarfe 9 na safe zuwa kusan 5 na yamma, kuma kuɗin shigarsu shi ne babban kuɗin yinin. Hanyoyin sauka an raba su da launi huɗu: kore na ƴan koyo, shuɗi na wanda ya fara iyawa, ja na gwanaye, baƙi na waɗanda ba su jin tsoron gangara. Kafin kowa ya iso an riga an yi aiki. Cikin dare manyan motoci masu ƙafar sarƙa sun daddaɓe hanyoyin, da sassafe kuma ma'aikatan ceto kan tayar da nakiya a inda dusar ta taru da yawa, don ta zaftare tun babu mutane a ƙasa.

Yara su ne suka fi morewa. Makarantar koyon ski ta Faransa, ESF, wadda aka kafa a 1945, tana karɓar yaro tun yana shekara 3, malamanta sanye da jajayen kaya. Darasin farko shi ne tsayawa: a haɗa bakin allunan a gaba, a buɗe su ta baya kamar tsinin kibiya. Ƴar ƙanena mai shekara 6 ta iya wannan kafin azahar. Ni da furfurata na yini ina tashi ina faɗuwa, har ta zo ta tsaya a kaina ta ce: "Baba, ka daina kallon ƙafarka, kalli inda za ka." Gaskiyarta.

Akwai ƙananan abubuwa da iyali Musulmi kan shirya wa. Sanannun abincin yankin da yawansu da naman alade ko giya a ciki, kuma farantin gidan abinci a kan tsauni tsadarsa ta wuce misali, don haka guzuri muka ɗauko daga gida da shayi a fulas. Alwala gara a yi ta a inda akwai ruwan ɗumi a riƙe ta. Tabarau kuma dole ne. Farar ƙasar nan tana mayar da hasken rana cikin ido, kuma baƙar fata ba ta kare ido daga ƙuna.

Lissafin aljihu

Yuro ɗaya sefa 656 ne, in an cike. A shekarun nan tikitin yini guda na babban mutum a Les 3 Vallées ya haura yuro 70, wato fiye da jika 45. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024. Uba da uwa da yara biyu tikitinsu kaɗai ya wuce yuro 250. A ƙara hayar kaya, da mai da kuɗin hanya, da darasin yara, a lissafina yinin na tasam ma yuro 450 zuwa 500, jika 300 ke nan ko fiye, ba a kwana ba.

To shin maƙwabcinmu ya yi gaskiya? Da sauƙi-sauƙi. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi a Faransa abin da ke shiga hannunsa a wata kusan yuro 1,400 ne, don haka yini guda irin wannan kashi ɗaya cikin uku ne na watansa. Su kansu Faransawa, kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke zuwa hutun ƙanƙara. Yawancin ƴan'uwanmu da ke turo hoto sun yi watanni suna tari, ko sun bi motar ƙungiyar unguwa ko ta wurin aiki mai rangwame, ko sun je ƙaramin wuri mai araha inda yara ke zamiya a kan faifan roba ba tare da tikiti ba. Ƙanena ya yi haka ne sau ɗaya, saboda ƴan ajin ɗiyarsa suna dawowa hutu da labarin tsauni ita tana shiru. Ina faɗin wannan ne don na san akwai gidajen da hoto ɗaya ya jawo gori da fushi, ana cewa wane yana wasa da kuɗi a ƙanƙara ya manta da na gida.

Sai haɗari. Raunin da ya fi yawa shi ne na jijiyar gwiwa, kuma a Faransa ceto a kan hanyar zamiya ba kyauta ba ne: wanda aka sauko da shi a kan makara zai biya ɗaruruwan yuro in bai sayi inshorar yini ba, alhali kuɗinta ƴan yuro kaɗan ne. A Méribel, cikin wannan fili dai, ranar 29 ga Disamba 2013, Michael Schumacher, wanda ya ci kambin tseren motoci na duniya sau 7, ya fita zamiya da ɗansa. Ya ɗan kauce daga hanyar da aka shata, kansa ya bugi dutse duk da hular kwano. Tun daga ranar ba a sake ganinsa a bainar jama'a ba.

Ƙanƙarar da ake ƙerawa

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wasu bututu da na gani jere a gefen hanya kamar turakun lantarki. Injinan yin dusar ƙanƙara ne.

Kafin a gane dalilinsu sai an san me wannan wasa yake ga mutanen wurin. Savoie a da ƙasar talakawan makiyaya ce. Idan sanyi ya rufe gonaki, maza da yara kan gangara birane neman aiki, da yawansu sharar bututun hayaƙin gidaje, su dawo idan ƙasa ta buɗe. Cin rani ke nan sak, sai dai nasu na hunturu ne. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kafa Courchevel a 1946, sannan daga 1964 gwamnati ta zuba kuɗi ta gina manyan garuruwan zamiya. Lokacin da a da ake gudu ya koma lokacin samu, har suna kiran dusar farin zinariya. Yau ayyukan yi wajen 120,000 ne suka rataya a kanta a Faransa.

Ga shi kuma sanyin yana ja da baya. Yadda manominmu ke zuba wa gabas ido yana jiran hadari, haka mai otal a can ke jiran dusa a watan Disamba, kuma a wuraren da ba su da tudu sosai sau da yawa ruwan sama ke zuwa a madadinta. La Sambuy, wani ƙaramin wurin zamiya kusa da Annecy, ya rufe kwata-kwata a 2023. A Fabrairun 2024 kotun da ke binciken kuɗin gwamnatin Faransa ta fitar da rahoto cewa tsarin ya fara gazawa. Ɗalibanmu da ke Maroko ma sun san labarin, domin Oukaïmeden da ke kudu da Marrakesh, a tudun mita 2,600, ya sha ganin hunturun da dusarsa ba ta taka kara ta karya ba a shekarun farin da suka wuce.

Maganin da manyan wurare suka samo shi ne injin. Ana haƙa tafki a kan tsauni a tara ruwa, idan dare ya yi sanyi ya sauka ƙasa da sifiri da digiri 2 ko fiye, sai a fesa ruwan da iska mai ƙarfi ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na hanyoyin zamiya a Faransa suna da irin waɗannan injina, a Italiya kuwa kusan tara cikin goma. Hekta ɗaya kan sha wajen lita miliyan 4 a kaka guda. In aka zuba a jarkar lita 25 irin ta ƴan garuwa, jarka 160,000 ke nan. Mutumin Damagaram, birnin da ake janyo wa ruwa daga Gogo da Machaya da Aroungouza amma duk da haka famfo ke ƙafewa da bazara, ba ya buƙatar a fassara masa wannan adadi.

Don a yi adalci, yawancin ruwan yana komawa rafi idan dusar ta narke, ko da yake wani kaso na bin iska, kuma ana kama shi ne a lokacin da koguna suka fi ƙaranci. Su ma can rigima ake yi. A La Clusaz, mazauna da masu kare muhalli sun ja daga kan shirin haƙa wani tafki mai ɗaukar lita miliyan 148 a cikin daji, har kotun Grenoble ta dakatar da aikin a Oktoban 2022. Masu otal na cewa in babu dusa babu aiki, matasa za su koma cin rani. Waɗancan na cewa ruwan sha da na dabbobi ne gaba. Muhawarar ta yi mini kama da wadda muke yi a bakin tafki tsakanin mai lambu da mai garke.

Har Sahara na da hannu a ciki. A farkon Fabrairun 2021 iska ta kwashi ƙura daga arewacin hamada ta tsallaka teku da ita, mutanen Alp suka wayi gari dusarsu ta koma ruwan goro. Dusar da ƙura ta rina ta fi shan zafin rana, ta fi saurin narkewa.

Mun sauko daga tsaunin bayan la'asar, yara suka yi barci tun kafin Moûtiers, ƙanena na tuƙi yana lissafin abin da ya rage masa zuwa ƙarshen wata. Saboda tudunsa, Val Thorens kan ci gaba da aiki har farkon watan Mayu, lokacin da mu a nan ake kwana a tsakar gida saboda zafi. Da na mayar wa gwaggo da lissafin jarkoki sai ta riƙe haɓa ta ce: "Ruwan sha? Su zuba a ƙasa don a taka?" Sannan ta ce in sake buɗo mata hoton, tana son ta ƙara ganin yarinyar da hular kwanonta.