Horar da Ɗalibin Digiri na Uku a kan Koyar da Kwas a Jami'a

1.0 Gabatarwa

Al'ada ce a jami'o'inmu a ɗora wa ɗalibin digiri na uku, wanda galibi ƙaramin malami ne a sashe, nauyin koyar da kwas tun yana tsakiyar rubuta kundinsa. Akan ɗauka cewa duk wanda ya naƙalci fanni zai iya koyar da shi. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa koyarwa sana'a ce mai zaman kanta, wadda ake koyo daki-daki a hannun na gaba.

2.0 Tushen Matsalar

Digiri na uku horo ne na bincike mai zurfi a kan ɗan ƙaramin batu. Shi kuwa kwas faɗi yake bukata da tsari. Kwas mai awa biyu a mako, a zango mai mako 15, awa 30 ke nan kacal. Manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta fayyace abin da kwas zai ƙunsa, amma rarraba shi a kan makonni da zaɓen misalai aikin malami ne. A nan ne sabon malami kan yi tuntuɓe: sai ya ɓata rabin zango a kan batun kundinsa, sauran kuma ya bi ta kansu a gurguje.

Matsala ta biyu ita ce rashin sanin ɗalibai. Mu ɗauki kwas ɗin tsarin sautin Hausa a ajin da mafi yawansa Yarabawa ne. Waɗannan ba su cika shan wahalar karin sauti ba, domin harshensu yana da kari uku, kuma ana nuna su a rubuce. Nan da nan sukan bambance "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Inda gizo ke saƙar shi ne tsawon wasali, kamar bambancin "gari" na mutane da "gari" na tuwo, sai kuma furucin ɓ da ɗ da ƙ da ts. Malamin da ya zo da darasin da aka tsara domin Hausawa zai daɗe a inda ba a bukata, ya wuce inda ake neman taimako.

3.0 Matakan Horo

Ana iya kasa horon zuwa matakai huɗu:

(a) Sauraro: ɗalibin ya zauna a ajin gogaggen malami zango guda, yana lura da yadda ake buɗe darasi da rufe shi.

(b) Taimako: a ba shi ƙananan rukunoni ya yi musu bita, ya kuma duba aikin gida bisa ma'aunin maki da aka shata.

(c) Tarayya: ya ɗauki wasu makonni na kwas, babban malami na zaune, daga baya su tattauna.

(d) Cin gashin kai: a damƙa masa kwas, amma sashe ya tantance tsarin darussa da tambayoyin jarrabawarsa.

Wannan ba baƙon tunani ba ne. A Amurka an kafa shiri na musamman a 1993 domin tanadar ɗaliban digiri na uku ga aikin malanta. Wajibi ne kuma a sassauta wa mai koyo yawan kwasakwasai, don kada koyarwa ta cinye lokacin bincikensa.

4.0 Kammalawa

Sassan harsunan Nijeriya ba su cika samun ɗalibai masu yawa ba, kuma ƙananan malamai ake yawan tura wa 'yan aji ɗaya. Darasin farko kan sa ɗalibi ya zauna ko ya nemi canjin sashe. Saboda haka, ya kamata kowane sashe ya ɗauki horar da sabon malami da muhimmancin da yake bai wa duba kundinsa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.