Waiwaye: Yadda lasisin shigo da shinkafa ya gurgunta shirin noma a Jamhuriya ta Biyu

A shekarar 1980 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ƙaddamar da shirin juyin juya halin noma domin Najeriya ta ciyar da kanta. Jihar Borno na cikin wuraren da aka ɗora wa buri, saboda Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi mai hedikwata a Maiduguri tana gudanar da babban aikin noman rani na alkama da shinkafa a yankin Marte.

Sai dai wata manufar gwamnatin ta yi wa shirin zagon ƙasa. A lokacin naira ta fi dala daraja a hukumance, don haka shinkafar waje ta fi ta gida araha a wurin mai shigo da ita, kuma ba a shigo da ita sai da lasisi. Lasisin ya zama abin saka wa 'yan siyasa da 'yan barandansu. Da yawa ba su shigo da ko buhu ɗaya ba, sai su sayar da takardar ga 'yan kasuwa. Duk hannun da ta bi sai ya ɗora ribarsa, mai awo a unguwanni irin su Gomari ne ke biya a ƙarshe. Manomi bai samu kasuwa ba, mai saye bai ga sauƙi ba. A Marte kuwa, janyewar ruwan tafkin ta ƙara dagula lissafi.

Da kasuwar man fetur ta faɗi a 1981, kuɗin shiga suka ragu. A watan Afrilun 1982 gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, ta taƙaita shigo da kaya. Hakan ya ƙara wa lasisin tsada, kayan masarufi suka yi ƙaranci.

Sojoji sun kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba, 1983, bisa zargin almundahana. Ministan Sufuri, Alhaji Umaru Dikko, wanda ya jagoranci kwamitin shugaban ƙasa kan shinkafa, ya tsere zuwa Ingila. A watan Yulin 1984 aka gano shi cikin akwati a filin jirgin sama na Stansted, ana shirin dawo da shi Legas. Ya musanta zargin har rasuwarsa a 2014.

Har yau, duk lokacin da aka ba wasu tsiraru rangwamen shigo da abinci, tambayar ita ce: wa ya samu takardar, kuma bisa wane ma'auni?