Daga Mai Shela zuwa Akwatin Rediyo a Ƙasar Dutse

A zamanin da, in Sarkin Kano ya yi umarni, sai ya biyo ta hannun Sarkin Dutse a Garu, ya sauka ga dagatai da masu unguwa, sa'an nan mai shela ya faɗa ran kasuwa. Kowa ya san mai faɗa, ya kuma san wanda ya aiko shi. Da aka buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, da gidan rediyon Kaduna a 1962, sai manomin Kiyawa da na Jahun suka riƙa jin labari ɗaya a sa'a ɗaya, daga bakin da ba su taɓa gani ba.

Masanan Jamus sun yi nazarin irin wannan sauyi. Adorno da Horkheimer, cikin littafinsu na 1947, sun nuna cewa rediyo da silima sun mai da al'ada hajar sayarwa, mai sauraro kuwa sai karɓa, ba shi da ikon mai da magana. Habermas kuma, a 1962, ya bayyana yadda kuɗi da mulki ke cinye dandalin da jama'a ke muhawara a cikinsa.

Dutse ta ga alfanun abin da illarsa tun da ta zama hedkwatar Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991. Aka kafa Rediyo Jigawa ta gwamnati, daga baya Freedom Radio ta 'yan kasuwa ta iso. Da wayar hannu ta yawaita, talaka ya sami bakin magana, yana bugawa ya koka kan taki ko rijiyar da ta lalace. Nan zancen Adorno bai cika ba.

Amma fa a filayen siyasa, waɗanda sayensu a ke yi, Habermas ya yi gaskiya. Nan ne sojojin baka, watau masu yabon ubangida da zambo ga abokin hamayyarsa, ke baje kolinsu, gama kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Maroƙin dā a ƙofar ubangidansa ya ke tsayawa, ba ya ɓuya. Na yau daga akwatin da a ke karanta labarai ya ke magana, har mai sauraro ya ɗauki roƙo a matsayin labari. Saboda haka wajibi ne mai sauraro ya riƙa tambayar abin da kakansa ya sani ba tare da tambaya ba: wa ya aiko mai shelan nan?