Tarakta Ta Ƙi Tashi: A Bi Waya Kafin A Sayi Batir

Yau daga birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin mu ke magana, birnin da Turawa ke kira Kanton, inda tun 1957 a ke cin babbar kasuwar baje koli, wadda fatakenmu na Kano da Maraɗi ke zuwa sayen injuna.

A watannin Maris da Afrilu iska mai laima ta kan taso daga teku, har bangon ɗaki ya yi ta zufa. A irin wannan lokaci ne na iske wani manomi a bayan gari, ga lokacin gyaran fadamar shinkafa ya yi, ga tsohuwar taraktarsa ta ƙi tashi. Ya riga ya sayi sabon batir, amma in ya murɗa makulli sai a ji ƙas, shi ke nan. Da mai wayarin ya zo, bai taɓa injin ba. Kaurin wayar da ta haɗa batir da jikin tarakta ya kwance, ya kankare tsatsa, ya ɗaure. Nan take ta tashi.

To, me ya faru? Lantarki ba ya aiki sai ya zagaya ya komo inda ya fito. Ya kan fita daga kan batir guda, ya bi waya, ya ratsa fis da makulli, ya shiga fitila ko kik, watau na'urar da ke juya injin, sa'an nan ya komo ta cikin ƙarfen taraktar kanta. Tsatsa ko sako-sako a mahaɗa guda ya isa ya tare hanya, balle ga kik, wanda ya fi kome jan wuta. A nan laima ce ke cin mahaɗa. A ƙasarmu kuwa zafin rana ke busar da robar waya ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga, ɓera ya ƙarasa.

Saboda haka a bi ciwo daki-daki. Da fari a cire giya, a ja birki. A auna batir da mita: mai lamba 12 in ya cika ya kan nuna bolt 12.6, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin lantarki. In ana juya injin ya faɗi ƙasa da 9.6, batir ya raunana. In injin na aiki, ya kamata a ga wajen 14; in ba haka ba, a duba fambel da dainamo.

Wanda ba shi da mita, ya samu ƙwan fitilar mota ya sa masa waya biyu. Ya maƙala guda a ƙarfe mai tsabta, ya riƙa taɓa mahaɗa da ɗayar, daga batir zuwa gaba. Tsakanin inda ƙwan ya kama da inda ya ƙi, nan ciwo ya ke. Mahaɗar da ta yi zafi bayan an gwada tayarwa, ita ma abar tuhuma ce. A goge ta da samfefa, a ɗaure, a shafa giris.

Sai gargaɗi. Tsofaffin taraktocin Ingila, irin su Ferguson TE20 da aka ƙera a Coventry daga 1946 zuwa 1956, kan batir mai alamar tarawa su ka haɗa da jiki, saɓanin na yau. A duba kafin a kwance, a kuma fara cire wayar jiki. Kada a maye fis da guntun waya ko takardar sigari. Fis ya kan ƙone ne domin kada tarakta ta ƙone. Kada a kusato da wuta, gama batir na fitar da iska mai fashewa. Kada kuma a tsaya a gaban taya a tayar da kik da sukundireba, don tarakta mai giya ta kan take mutum.

Manomi, ruwan shuka ba ya jiran makaniki. Ka duba wayoyinka tun da bazara, da sauran rana a kan shanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.