Gano Faɗuwar Tsofaffi a Gida Ba Tare da Yaye Suturarsu Ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi shafa. Wannan batu ya taɓa gundumar Basawa ta ƙaramar hukumar Sabon Gari, domin tun bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 malamai da ma'aikata da dama sun yi ritaya sun zauna a Samaru da Hayin Dogo da Palladan, 'ya'yansu kuwa aiki ya kai su Kaduna ko Abuja ko ƙasashen waje, sai ya zama dattijo da iyalinsa, ko tsohuwar da mijinta ya rasu, su kaɗai ke kwana a gidan da aka shimfiɗa wa tayil mai santsi.

Ban da faɗuwar kanta, likitoci na jin tsoron daɗewa a ƙasa. Tsohon da ƙashin ƙugunsa ya karye ya kwashe fiye da awa guda bai samu mai ɗaga shi ba yana iya fuskantar ƙarewar ruwan jiki da lalacewar tsoka wadda kan taɓa ƙoda, balle a ce daren hunturu ne a kan siminti. Amfanin na'urar gano faɗuwa shi ne ta gajarta wannan jira.

Abin da 'ya'ya kan fara tunani shi ne kyamara, sai dai wurin da tsoho kan zame shi ne banɗaki, wajen wanka ko alwala, kuma babu ɗa mai kunya da zai so ganin mahaifiyarsa a can, ita ma da ta yarda da haka gara ta haƙura da taimakon. Saboda haka hanyoyin da ba sa ɗaukar hoto ne suka dace. Hanya ta farko ita ce na'urar da ake ɗaurawa a hannu ko a rataya a wuya, mai ɗauke da ma'aunin motsi, wato ɗan ƙaramin abin da ke gane saurin gangarowar jiki da buguwarsa da ƙasa. Agogon Apple Watch ya fara wannan aiki a 2018, inda yakan kira agaji idan mai shi ya faɗi bai motsa ba na kusan minti guda. Aibin wannan hanya shi ne mai alwala sau biyar a rana yakan cire agogo ya ajiye kusa da buta, daidai lokacin da ƙasa ta jiƙe.

Hanya ta biyu ita ce rada, na'urar da ake kafawa a bango tana watsa igiyar rediyo marar ƙarfi, igiyar ta bugi jikin mutum ta dawo, sannan a lissafa tsayinsa daga ƙasa da yadda yake motsi. Ba ta ganin fuska ko tsiraici, duhu da tururin ruwan zafi ba sa hana ta aiki, kuma tsoho ba ya buƙatar tuna komai. Amma akasarin waɗannan na'urori an tsara su ne bisa rayuwar mutanen da ke zama a kujera su kwana a gado, alhali dattijon Samaru yana sujada, yana zama a tabarma ya ci tuwo, yana tsuguno a makewayi, yana kishingiɗa a ƙasa bayan azahar. Na'urar da ba a gwada ta da irin wannan zama ba za ta riƙa ƙarar banza har a gaji a kashe ta. Ga kuma ɗaukewar wuta, wadda ta sa batir ko sola ya zama dole, sannan kowane ɗaki na buƙatar tasa na'urar, tunda igiyar ba ta ratsa bangon bulo sosai.

Rashin hoto kuma bai kawar da maganar sirri ba, domin na'urar ta san lokacin da mutum ya farka da yawan shigarsa banɗaki da dare, kuma daga nan ana iya hasashen ciwon suga ko na mafitsara. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke da kariya ta musamman, don haka ya kamata mai saye ya tambayi inda ake ajiye su, ya fifita na'urar da ke yin lissafinta a cikin gida ta tura saƙon gaggawa kawai. Kafin duk wannan sai an nemi yardar tsohon kansa.

Saƙon da ya je wa ɗa a Abuja ba zai buɗe ƙofar da aka kulle ta ciki ba, kuma ba zai kai majinyaci Asibitin Koyarwa na Shika ba. Saboda haka lambar farko da za a sa wa na'urar ita ce ta maƙwabcin da ke riƙe da makullin gidan kuma ya san mai mota ko mai Keke Napep a unguwa, idan kuwa tsohuwa ce, mace za a zaɓa, tunda mai yiwuwa a banɗaki za a tarar da ita.