Uwargida, Yaushe Rabonki Da Ki Taka Cikin Birnin Kano Da Ƙafa?

Tambayi yaranki yau da daddare: wa ya kafa Kasuwar Kurmi? In suka yi zuru, kada ki ga laifinsu. Yaran yanzu daga mota sai makaranta, daga makaranta sai gaban talabijin. Ga shi kuma ganuwa tana zaizayewa, wani wurin an yanka ta an yi gini, tsofaffin soraye na ƙasa ana rushe su ana zuba siminti. Abin da ba ki nuna musu yanzu ba, wataƙila gobe sai dai a hoto.

Cikin birni don ƙafa aka gina shi, tun zamanin da jaki da raƙumi ne abin hawa. Shi ya sa mai mota ba ya ganin komai sai bakin titi. Ki nemi izinin maigida, in da hali ma ya raka ku, ki ware safiyar wata Asabar.

Ku fara daga marinar Ƙofar Mata, da sanyin safiya. Nan yara za su ga ramukan rini, su ga yadda ake haɗa baba da toka, a tsoma farin ƙyalle a ɗaga shi ya sha iska, yana fitowa kore-kore har ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonsu. Ki saurara kuma, za ki ji amon mabuga suna bugun tufa har ta yi sheƙi. Wannan shuɗin ne Buzaye suka daɗe suna naɗawa a rawani.

Daga nan ku miƙe yamma zuwa Babban Masallacin Juma'a. Kusa da shi ne Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ku zagaya ta Ƙofar Kudu ku shiga Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da makamai, da hotunan Kano na da, har da na bayan zuwan Turawa a 1903. Ki sa yara su ɗaga kai su dubi rufin ɗakunan, su ji sanyin ginin ƙasa ba fanka ba komai.

In kun huta, sai Kurmi, wadda ita ma Rumfa ne ya kafa ta. Nan fa uwargida sai kin riƙe hannun ƙananan da kyau, don layukan ƙanana ne, ga masu dako suna ta a ba su hanya. Kowace sana'a da layinta: dukawa da jakunkuna da takalman fata, 'yan ƙwarya, 'yan turare, masu kwalli da lalle da duwatsun wuya. Ki ba budurwar gidan 'yan kuɗi ta taya da kanta. Ta ji an ce mata albarka, ta ƙara, har a ce an sallama. Wannan darasi ne da ba a koyarwa a aji.

Amma abin da ya fi daɗi shi ne sunayen unguwannin da ke kewaye da kasuwar, don kowane suna labari ne. Alfindiki daga kalmar Larabci ce mai nufin masaukin baƙi. Dandalin Turawa kuwa ba Nasara ake nufi ba, Larabawan da suka ƙetaro hamada don fatauci su ne Turawan farko a bakin Kanawa. Sharifai na da alaƙa da zuriyar Shehu Magili, malamin da ya zo zamanin Rumfa. Ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa. Ki nuna wa yara cewa baƙi ne suka taru suka raya Kano, don su daina raina wanda ba yarensu ɗaya ba.

In ƙafa ta gaji, ku hau adaidaita sahu ku koma gida, a bar Dala sai wata Asabar. Ranar ku tafi cikin rakiya, ku hau da hantsi. Daga ƙolin dutsen, inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna tun kafin zuwan Musulunci, za ku hangi birnin duka da hasumiyoyin masallatai. A ƙasa kuma ga Madabo, tsohuwar unguwar malamai da ake dangantawa da Wangarawa.

Sai 'yan shawarwari. Ki guji ranar Juma'a saboda cunkoso, da ranar da aka kwana ana ruwa saboda caɓin lungu. Ki sa takalmi marar tsini, ki riƙe ruwan sha. Lungu tsakar gidan mutane ne, don haka a yi sallama ga dattawan da ke ƙofar gida, kada a leƙa zaure ko a ɗauki hoton kowa sai da izini. In kun ɓace, ki tambayi wata dattijuwa, sau da yawa har yaro za ta haɗa ku da shi ya fitar da ku titi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su san asalinsu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.