Wane littafi zan fara da shi? Shawarwarin ma'aikatan laburare

Yau zancen littattafai za mu yi, domin tambayar da matasa suka fi yi mini ita ce: ina son karatu, amma da wanne zan fara?

Na kai wannan tambaya wurin masu ita, wato ma'aikatan laburare a Kano, mutanen da kullum suke tsakanin kantocin littattafai. Abin da na fahimta daga gare su shi ne, babu littafi ɗaya da ya dace da kowa. Sai su fara jin abin da kake so tukuna, su ba ka irinsa, in ka gama su tura ka kantar da ke kusa. To, bari mu bi wannan hanya tasu.

In kai mai son dariya ne da yawon duniya, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam za a miƙa maka. Ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Gajere ne, za ka iya gama shi a zama biyu, kuma rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe kaɗai ta isa ta riƙe ka. In ya yi maka daɗi, sai ka wuce Magana Jari Ce, littafi uku, inda aku ke ta zubo labarai.

In kuwa yaƙi da jarumta ne naka, ga Ganɗoki na Bello Kagara, shi ma daga waccan gasar, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Daga nan hanya ta buɗe zuwa tarihi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ƙagaggen labari ne, amma zai nuna maka zamanin cinikin bayi da ayarin da ke ƙetare sahara. Wanda ya gama shi ba zai sha wuyar Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji ba, wanda tarihin Kano ne zalla.

'Yan uwa mata, da ma mazan da ke ɓoyewa su karanta soyayya, ba a manta da ku ba. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya fito a 1980, kafin ambaliyar littattafan soyayya na Kano. Sai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Mai son abin da ya fi nauyi kuma, a nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, labarin matar da miji ya wulaƙanta da yadda ta tsaya da ƙafafunta. An fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012. Kun ga ke nan abin da wasu ke rainawa a gida, a waje ana nemansa.

Akwai guda ɗaya da nake son duk saurayin ƙauye ya karanta: Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. Labarin yaro ne da ya bar ƙauye ya tafi birni yana zaton can ne daɗi yake. Mu da ke kusa da Kano, muna ganin samarinmu suna shiga mota da zarar an gama girbi, ai kamar da mu ake.

Ko kun san muna da labarin sararin samaniya da Hausa? Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ke nan, tun 1969. Mai son kimiyya ta gaskiya kuma, ga Ikon Allah na East da Imam, wanda ke bayanin halittu da Hausa mai sauƙi.

Wanda doguwar magana ke gundura, ya gwada wasan kwaikwayo, tunda hira ce kawai tsakanin mutane. Akwai Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, akwai Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, kowa ya ɗauki mutum ɗaya yana karantawa da ƙarfi. Haka ma waƙa, ba a yi ta don karatun zuci ba. Ku rera Imfiraji na Aliyu Namangi ko Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu, za ku ji bambanci.

Mai son gyara Turancinsa kuwa, ya fara da labarin da ya san mutanen cikinsa. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim labarin 'yan Arewa ne, kuma ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016. Amma fa na manya ne, ba na ƙannenmu ba.

To, ina za a samu? Babban laburaren jiha, wato Laburaren Murtala Muhammad, yana cikin birnin Kano. Ranar da ka shiga gari, ka ware awa biyu ka leƙa. Kada yawan kantoci ya ruɗa ka. Laburare da dama suna bin tsarin lambobi na Dewey: 200 addini, 500 kimiyya, 800 adabi, 900 tarihi. Ɗan manomi ya riƙe 630, nan ne noma da kiwo suke. In ka rasa, ka yi sallama ka ce, Malam, ga irin abin da nake so. Aikinsu ke nan, kuma matambayi ba ya ɓata.

Me ya sa na damu? Saboda mai karanta layi biyu-biyu a waya kawai, ranar jarrabawar WAEC ko JAMB shafi guda sai ya zame masa dutse. Juriyar karatu kamar noma take, wanda bai saba riƙe fartanya ba, kunya ɗaya za ta gajiyar da shi. Sannan Hausar da ke cikin waɗannan littattafai, in ba mu karanta ba, wa zai miƙa wa na baya?

Saboda haka a makon nan kowa ya zaɓi ɗaya. Shafi goma bayan sallar isha'i ya isa. In ka gama, ka ara wa abokinka, shi ma ya ara maka nasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.